Yadda zaka gane lafiyar rafi ta kananan halittun da ke kasan duwatsunsa

Ruwa zai iya zama garai garai a ido amma ya mutu, wani kuma ka ganshi da dan duhu alhali cike yake da rai. Shi yasa masu binciken ruwan dadi basa tsayawa kan kala, kwarin da ke zaune a kasan ruwan suke tambaya. Dalilin kuwa, in ka debi ruwa a kwalba ka kai dakin gwaji, labarin wannan sa'ar kadai zai baka, su kuwa wadannan tsutsotsin wata da watanni suke yi a wajen, in an zubo guba sati biyu da suka wuce ruwan ya tafi da ita amma rashinsu zai tona asiri.

Kuma abin fa ba karami bane. Koguna da tafkuna da fadamu basu kai kashi 1 cikin 100 na doron kasa ba amma wajen rabin nau'in kifayen duniya a cikinsu suke. Rahoton kungiyar kare namun daji ta duniya WWF na 2024 ya nuna dabbobin ruwan dadi da ake bibiya sun ragu da kashi 85 cikin 100 daga 1970 zuwa 2020, sun fi na tudu da na teku raguwa.

Kayan aikin basu da yawa: raga mai kananan ido kamar milimita 1 da doguwar mariki, farar roba mai fadi, cokali, gilashin kara girma, littafi da biro. Sai dogon takalmin roba da safar hannu, wannan kam kar ka yi wasa da shi, domin a kasashen da ake da tsargiya ta fata kwayar cutar take shiga, dodon kodi ne ke dauke da ita. Kar ka shiga ruwan da ya wuce gwiwa, kar ka je kai kadai, in an yi ruwan sama mai karfi ka bari sai rafin ya sauka.

To ka samu inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa. Ka kafa ragar a kasa bakinta na kallon inda ruwan ke tahowa, ka tsaya a gabanta kana birkita tsakuwar da kafarka, duk abinda ya tashi ruwa zai kai maka shi cikin raga. A Ingila minti 3 ake yi ana wannan, sannan minti 1 ana daga duwatsu ana duba kasansu da hannu. Ka raba mintunan, wani a tsakuwa, wani a yashi, wani cikin ciyayin bakin ruwa, saboda kowane waje da masu zamansa.

Juye abinda ka kama a farar robar da dan ruwan rafin, ka jira ya kwanta, zaka ga abubuwa sun fara motsi. Nan ne dadin aikin yake. Akwai dangin kwari uku da masana ke hada su suce EPT, wato haruffan farko na sunayensu na kimiyya, basa jure kazanta ko karancin oksijin. Na farko yawanci wutsiya uku gareshi da wasu 'yan filla filla a gefen ciki da yake numfashi da su, na biyu wutsiya biyu, ya fi son ruwa mai sanyi mai gudu, na uku kuwa da yawansu gida suke ginawa kansu da yashi ko guntun kara suna yawo da shi, sai ka dauka tsinke ne har ka ga ya fara tafiya. In ka samu wadannan iri iri, ruwan na da lafiya. In kuwa robar ta cika da jajayen tsutsotsi da matsattsaku kawai, akwai matsala. Jan nan na jikin tsutsotsin sinadarin da ke cikin jininmu ne, shi ke basu damar rayuwa a ruwan da oksijin ya yi kasa, irin wanda bahaya ko takin zamani ya kwarara ciki gansakuka ta cika shi ta rube.

Ba sai ka san sunan kowanne ba. A Afirka ta Kudu an kirkiro tsarin miniSASS mai rukuni 13, kowane rukuni da makinsa, ka hada maki ka raba da yawan rukunin da ka samu, har 'yan makaranta na yi.

Ka auna zafin ruwan ma, don ruwa mai digiri 20 na rike kusan miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa wajen 7.5, kaga dumamar yanayi da sare bishiyoyin da ke yiwa rafi inuwa duk suna shafar wadannan halittu.

Inda mutane suka fi faduwa shine maimaici. Zuwa daya baya nuna canji. Ka koma wajen nan dai, da ragar nan dai, mintuna daidai da na baya, a lokaci guda na shekara, ka rubuta kwanan wata ka dauki hoto. In kana zargin wani magudani ne ke bata ruwan, ka dauki samfur a samansa da kasansa ka gwada su. Da ka gama ka mayar da halittun inda ka debo su, ka wanke raga da takalmi su bushe sarai kafin ka shiga wani ruwan, kar ka kwashi cuta ko bakuwar ciyawa ka kai can.