Yadda ake gano jirin cikin kunne da tabaran VR

A nan Zamfara da mutum ya ce yana jin jiri ko juwa sai kowa ya zama likita, wannan ya ce rashin jini ne wancan ya ce iska ce. Innata a Ƙauran Namoda ta daɗe tana shan maganin ƙarin jini, ashe matsalar tana cikin kunnenta, wallahi har yau abin na damuna. Can cikin kunne akwai wasu ƴan bututu guda 3 masu ruwa da wasu ƙananan duwatsu, su ke gaya ma ƙwaƙwalwa ko kana tsaye daidai ko ka karkata.

In kana fama da jiri, fara da zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro, misali a asibitin tarayya na Gusau, ka yi ma likita bayani tiryan-tiryan: ɗaki ne ke juya maka, in ka juya kan gado ne yake tasowa, kunne na ƙara? In an taɓa yi maka allurar jentamaisin ka faɗa, don tana iya lalata wannan wurin. Yawanci akan ce a dakata da maganin jiri irin su Stugeron kwana 2 kafin gwaji saboda yana ɓoye alamun, amma don Allah kar ka daina shan na hawan jini sai likita ya ce. Kar ka cika ciki, ka je da ɗan rakiya.

Inda ake da na'urar, za a zaunar da kai a ɗaura maka tabaran VR ɗin, irin wanda samari ke buga gem da shi, komai ya yi duhu sai wani layi mai haske a karkace, a ba ka rimot ka riƙa juya shi har ka ga ya miƙe sak, a maimaita sau da yawa. Mai lafiya ba ya kauce ma daidai fiye da kusan digiri 2, wanda cutar ta kama kuwa sai ya karkatar da layin zuwa ɓangaren kunnen da ya samu matsala alhali shi gani yake ya miƙe. Kar ka yi dabara don ka "ci" gwajin, abin da idonka ya gani shi ake nema.

Daga nan ana iya tsayar da kai bisa katifar soso, hoton cikin tabaran na motsi, a auna yadda kake tangaɗi. Wasu tabaran na da kyamara mai bin ƙwayar ido, likita ya juya kanka digiri 45 ya kwantar da kai da sauri, in duwatsun nan sun kauce daga wurinsu ido zai riƙa fizga da kanshi. In tashin zuciya ya taso ka yi magana a tsaya.

Amma jirin da ya zo da karkacewar baki, harɗewar harshe ko mutuwar hannu, wannan ba na jiran tabarau ba ne, a wuce imajensi nan take.