Yadda ake gano siffar ƙwayoyin zinariya 'yan mitsi-mitsi da hasken eksire

Ƙwayar zinariya mai faɗin nanomita 13 ta fi ƙarfin madubin ƙara girma na yau da kullum. Amma idan hasken eksire ya ratsa ruwan da take ciki, yakan watsu kaɗan zuwa gefe, kuma yadda ya watsu shi ke tona girmanta da siffarta. Sunan dabarar SAXS. Babu sinkoroton, wato katafariyar na'urar da ke samar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi, a Afirka har yau, don haka akan aika samfur wurare irin ESRF da ke Grenoble a Faransa. Haɗa samfurin da fassara sakamako kuwa, ɗalibin jami'ar KNUST zai iya yin su nan Kumasi.

A fara da kwalabe. A wanke su da haɗin asid HCl kashi 3 da HNO3 kashi 1, ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi, a ɗauraye da tataccen ruwa. Ruwan famfo ko na leda bai yi ba, gishirin cikinsa zai sa ƙwayoyin su dunƙule. A tafasa mililita 100 na ruwan HAuCl4, sinadarin da ke ɗauke da zinariyar, mai ƙarfin milimola 1 a kowace lita, a zuba mililita 10 na sodiyum sitiret mai milimola 38.8 a kowace lita lokaci guda, ana juyawa. Cikin mintuna ruwan zai koma ja kamar sobolo. Idan ya yi shuɗi-shuɗi ya ƙi sauyawa, sun dunƙule, a sake sabo. A ajiye a firji, kada ya daskare.

Wurin awo, ana cika siririn bututun gilashi mai kauri kamar milimita 1. Kumfar iska ko ɗaya kada ta shiga hanyar hasken. Sai a auna ruwan zalla a bututun nan dai, a cire nasa daga na samfur. Wannan matakin aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuskure a nan yakan ƙirƙiro siffar da babu ita.

Abin da zai fito ba hoto ba ne. Layi ne na ƙarfin haske, I, a kan q, ma'aunin kusurwar watsuwa. A zana ln I, wato logarithm na I, a kan q² a ƙananan kusurwoyi, inda q sau Rg, wani ma'aunin girman ƙwayar, bai wuce 1.3 ba. Gangaren miƙaƙƙen layin zai ba da Rg, kuma ga ƙwaya mai kamar ƙwallo, rabin faɗinta ya kai Rg sau 1.29. Idan layin ya lanƙwashe sama a farkonsa, dunƙulewa ce.

Siffa kuma a zanen log-log, wato logarithm na I a kan logarithm na q, ake karanta ta. Gangare na -1 a tsakiya alamar sanda ce, -2 alamar faifai. Ƙwallo yana yin rami na farko inda q sau rabin faɗi ya kai 4.49, wato kusan 0.69 a kowane nanomita ga ƙwayoyinmu. Idan ramin ya shafe, girmansu ya bambanta da yawa. Manhajar SasView kyauta ce, tana gwada layin da siffofi iri-iri. Sai dai siffa biyu kan iya dacewa da layi ɗaya, shi ya sa ya kamata a ɗiga samfurin a kan ragar tagulla a duba da madubin ilektiron kafin a rubuta sakamako.