Masu sauke manhajar rage damuwa a waya, ga inda kuke kwafsawa

Na gaji wallahi. Duk wanda ya ji ina amfani da manhajojin nan na kwantar da hankali sai ya ce in turo masa suna, in tura, bayan sati biyu ya dawo wai ba ta aiki ko kuma an kwashe masa kuɗi. Kuma kullum matsalolin su ne dai su ne.

Bari in fara da kuɗi tunda shi ya fi ciwo. Headspace da Calm su aka fi sani, kuma na biya ne, abin da suke bari kyauta bai taka kara ya karya ba. Yawancin irinsu za su ce maka gwaji kyauta na 'yan kwanaki amma sai ka saka kati, kai kuma ka saka ka manta. Ni wata daban ce ta min aika-aika, na goge ta a waya ina zaton mun rabu, sai ga alat tsakar dare an cire kuɗin shekara guda cur, a farashin dala, ana saura kwanaki a biya kuɗin makarantar yara. Manhajar da aka sauke don barci ita ta hana ni barci! Goge manhaja ba ya soke biya, ku ji da kyau. Ka shiga Play Store, ka taɓa hotonka da ke can sama, ka nemo wajen biyan kuɗi ka soke da hannunka. Ni yanzu ranar da na yi rajista ranar nake sokewa, kuma katin albashina ba ya kusantar wata manhaja. In babu hali ma Insight Timer na da abubuwa da yawa kyauta.

Na biyu shi ne wanda ke ɓata min rai sosai, mai da waya likita. Haba jama'a! Mutum ya yi sati biyu ko fiye ba barci, abinci ba ya shiga, abin da yake so da duk ya fita ransa, wani har tunanin gara ya mutu ya huta yake, amma sai ka ji yana tambayar wace manhaja ce ta fi sautin ruwan sama mai daɗi. Wannan ya wuce aikin waya. Su kansu masu Wysa, wata manhajar hira kan damuwa, sun rubuta cewa ba a yi ta don halin gaggawa ba, ku ne dai ba kwa karantawa. Kuma faɗuwar gaba da bugun zuciyar da kake cewa damuwa ce, wani lokacin ƙarancin jini ne ko ciwon maƙoƙo, sai an auna jini za a gane. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, ga na Maiduguri, ba sai wanda ke yawo a bola ake kai wa can ba, masu aiki da 'yan jami'a suna zuwa su ga likita su koma harkarsu. Kunyar me? Wanda kuma aka ɗora a kan magani ya ajiye don ya samu manhaja, dan Allah ka koma wajen likitanka, irin maganin nan ba a yanke shi farat ɗaya. In tunanin cutar da kai ya zo kada ka tsaya latse-latse, faɗa wa wani na jikinka a daren, a tafi asibiti.

Sai sirri. Ka zauna ka zazzage wa manhaja cikinka, rigimar gidanka, bashin da ake binka, da cikakken sunanka da lambarka. A 2023 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta sa BetterHelp, kamfanin da ke haɗa mutane da masu ba da shawara kan damuwa ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 kan zargin miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook da Snapchat don talla. Ni sunan bogi nake sawa da imel na daban, kuma duk wadda ta nemi ganin lambobin wayata ko inda nake, a'a ce amsarta. Kada kuma ka shaƙu da guda ɗaya kamar uwa ɗaya uba ɗaya, Woebot da mutane suka saba hira da ita an rufe ta a watan Yunin 2025.

Sauran ƙanana ne. Sauke biyar rana ɗaya, ɗauki ɗaya ka ba ta wata guda. Barin sanarwa a kunne tana ta ƙara kamar mai bin bashi, kashe ta. Buɗe manhajar barci a kan gado daga nan a zarce TikTok har ƙarfe biyu, wannan kai ka so, ni kunnawa nake in kife wayar nesa da hannu. Wasu kuma darussan nutsuwar ne ba su kwanta musu ba saboda tushensu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Headspace ma tsohon malamin addinin Buddha ne, to ba dole, ɗauki na numfashi kawai ka bar sauran. Ni bayan azkar ɗin asuba nake yin nawa, in shaƙa ina ƙirga huɗu in fitar a hankali ina ƙirga shida, minti biyar na gama. Masu kukan data kuma, wadda ta yarda a sauke sauti ku sauke da datar dare ku ajiye, ku daina kunnawa kai tsaye kullum.