"Wace ƙungiya kake goyon baya?" Shirye-shiryen futi a talabijin ga sabon zuwa Melbon

A satina na biyu a gidan kula da tsofaffi da na fara aiki a yammacin Melbon, a ƙasar Ostireliya, wani dattijo da nake taimaka wa sa rigar sanyi ya ɗago kai ya tambaye ni wace ƙungiya nake goyon baya. Ban yi wata-wata ba na ce Arsenal. Ya yi shiru, ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya ce shi futi yake nufi, ba ƙwallon Ingila ba. Matar da muke aiki tare ta yi dariya har da riƙe ciki. Da muka fito ta ce min a garin nan ko ba ka taɓa taka ƙwallo ba sai ka zaɓi ƙungiya, in ba haka ba ranar Litinin kurma za ka zama a ɗakin shan shayi.

Gaskiya ta faɗa. Ɗan'uwa, in Melbon ka sauka, ko Adelaide, ko Perth, ka sani cewa abin da suke kira futi ba ƙwallon ƙafarmu ba ce. Tamu soka suke ce mata. Futi wasansu ne na gida, wanda aka rubuta dokokinsa na farko a Melbon a 1859, kuma babbar gasarsa ita ce AFL mai ƙungiyoyi 18, goma daga cikinsu a jihar Biktoriya. In kuwa Sidni ko Brisbane ka sauka, kalmar futi a bakin yawancin mutane ragbi take nufi, don haka rabin abin da zan faɗa ka ajiye shi a gefe.

Shawarata ita ce kada ka fara da kallon wasan kansa. Na gwada, na sha wuya. Fili ne mai siffar ƙwai, ƙwallon ma haka, mutum 18 a kowane ɓangare suna gudu ta ko'ina, ana damƙe juna ana kayarwa, alƙalai da yawa suna busa usur, kai kuma ba ka san laifin wa aka busa ba. Abin da ya buɗe min kai shi ne shirye-shiryen hira da ake yi a kan wasan tsakanin Litinin da Alhamis. A nan ake maimaita abu ɗaya sau biyar a hankali, ana zana layi a kan allo, ana gardama. Wanda ya taɓa zama a benci a ƙofar gidan kallon ƙwallo bayan an tashi wasa ya san irin wannan majalisa, sai dai tasu ana biyan masu surutun albashi.

Kafin ka kunna, riƙe waɗannan 'yan abubuwa. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili. In aka buga ƙwallo da ƙafa ta bi tsakanin manyan biyu na tsakiya ba tare da wani ya taɓa ta ba, maki shida ke nan. In ta bi ta gefe, tsakanin babbar sanda da ƙarama, ko ta daki sanda babba, maki ɗaya. Shi ya sa za ka ga an rubuta 12.8 (80): manya 12, ƙanana 8, jimilla 80. Ba a jefa ƙwallo da hannu, sai dai ka ɗora ta a tafinka ka nause ta da ɗaya hannun. In wani ya bugo ta daga nisan aƙalla mita 15 ka cafe kafin ta taɓa ƙasa, wannan shi ne mak, kuma ba mai taɓa ka sai ka buga. Sauran duk za su zo da kansu.

Shirin da nake fara tura kowane baƙo gare shi shi ne AFL 360 na tashar Fox Footy, wanda ake yi tun 2010 da yamma a farkon mako. Dalilina guda ne: Gerard Whateley. Mutumin yana magana a natse, yana kammala jimlarsa, ba ya cinye rabin kalma kamar yadda 'yan Ostireliya suka saba. Masu horar da ƙungiyoyi da 'yan wasa suna zuwa su zauna a yi musu tambayoyi, ka ga fuskokin da za ka riƙa jin sunayensu a wurin aiki. Ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo. Wata biyu na yi ina haka, kuma Turancin titi da na koya a nan ya fi wanda na koya a aji. Matsalarsa ɗaya, Fox Footy ta kuɗi ce, sai ta Foxtel ko manhajar Kayo.

A tashoshin kyauta akwai Footy Classified na Channel Nine, wanda ya faro a 2007, da The Agenda Setters da Channel Seven ta ɓullo da shi a 2025 bayan ta janye Caroline Wilson da Kane Cornes da Craig Hutchison daga can. Waɗannan shirye-shiryen na tsegumi ne da tone-tone: wane koci ne kujerarsa ke rawa, wane ɗan wasa ne ke shirin sauya sheƙa, wa za a dakatar saboda ya daki kan wani. Cornes tsohon ɗan wasan Port Adelaide ne, kuma sana'arsa yanzu ita ce faɗin abin da zai ɓata wa rabin gari rai. In ka shiga ɗakin shayi ka ce, "Kun ji abin da Cornes ya faɗa jiya?" ka gama aikinka, sauran za su ɗauka daga nan. Caroline Wilson kuwa 'yar jarida ce da ta daɗe a harkar, kuma ni na fi yarda da labarinta a kan na tsofaffin 'yan wasan da ke zaune gefenta.

Sai The Front Bar na Channel Seven, na Mick Molloy da Sam Pang da Andy Maher. Shirin barkwanci ne, ana gayyato tsohon gwarzo a tono masa hotunan da, a yi ta tsokanarsa. Jama'a na son sa ƙwarai. Amma ka sani an tsara shi ne kamar ana zaune a mashaya, kofunan giya a gaban kowa daga farko har ƙarshe. Ni ba na kunna shi in yara suna falo. Kuma kada ka damu in ba ka yi dariya ba a shekarar farko, barkwancin nasu duk a kan abubuwan da suka faru shekara talatin baya ne.

Za ka ji tsofaffi suna ambaton The Footy Show na daren Alhamis, wanda Channel Nine ta yi daga 1994 zuwa 2019, da Eddie McGuire da Sam Newman cikin masu gabatarwa. Ya mutu, amma ya kamata baƙar fata ya san wani abu game da shi. A 1999 Newman ya shafa baƙin fenti a fuska a cikin shirin yana kwaikwayon Nicky Winmar, ɗan wasa daga 'yan asalin ƙasar. Winmar ɗin nan shi ne wanda a 1993, bayan magoya bayan ƙungiyar Collingwood sun yi ta zaginsa saboda launinsa, ya ɗaga rigarsa ya nuna fatar cikinsa da yatsa, hoton da har yau ake bugawa. Adam Goodes, wanda ya ci kyautar gwarzon shekara sau biyu, ihu aka yi ta yi masa a filaye har ya ajiye wasa a 2015. Shi kansa McGuire ya sauka daga shugabancin Collingwood a 2021 bayan wani rahoto ya tabbatar da wariyar launin fata a ƙungiyar. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba. Duk shekara maganar tana dawowa a shirye-shiryen nan, abokan aikinka za su juyo su kalle ka suna jiran ra'ayinka, gara ka san tushen zancen. In kana son jin ta bakin 'yan asalin ƙasar da kansu, tashar NITV kyauta ce. Ita ta yi Marngrook Footy Show har zuwa 2019, sannan Yokayi Footy ya biyo baya.

Akwai kuma fuskokin da za su sa ka gyara zama. Majak Daw, haifaffen Khartoum, shi ne ɗan asalin Sudan na farko da ya buga AFL, a North Melbourne a 2013. Aliir Aliir na Port Adelaide a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya aka haife shi. Isaac Quaynor, wanda mahaifinsa ɗan Gana ne, ya ɗauki kofi da Collingwood a 2023. Bachar Houli, Musulmi ɗan asalin Lebanon, ya ci kofi uku da Richmond a 2017 da 2019 da 2020, kuma ƙoƙarinsa ne ya sa aka tanadi ɗakunan ibada a manyan filayen wasa. Ranar da na fara zuwa MCG, babban filin wasan Melbon, na yi Magariba a ciki, na koma kujerata ban rasa komai ba sai 'yan mintoci. Saboda Houli na zaɓi Richmond, kodayake na zo a makare, bayan an gama cin daɗin.

Abin da ya fi damuna a duk harkar shi ne caca. Tallarta ta cika ko'ina, a allon gefen fili, a waya, a tsakiyar shirye-shirye. Dokar da aka sa a 2018 ta hana nuna ta lokacin da ake wasa kai tsaye kafin ƙarfe 8:30 na dare, amma wasan daren Juma'a ba ya ƙarewa kafin lokacin. Har ta kai yaro ɗan firamare zai gaya maka nawa za a ci in ƙungiya kaza ta yi nasara. Ka sa ido a kan wayar samarinka. A wurin aiki ma za a kawo maka takardar tifin, wato gasar hasashen wanda zai ci kowane wasa a mako, wani lokaci kowa ya zuba 'yan daloli, wanda ya fi maki a ƙarshen kaka ya kwashe. Ni na ce musu zan shiga don nishaɗi, ba zan zuba ba, ba zan karɓa ba. Ba wanda ya ce uffan, suka rubuta sunana.

Batun kuɗi: ba a biyan lasisin talabijin a Ostireliya. Eriya kawai kake buƙata, ko manhajar 7plus da 9Now, duk kyauta da rajista. Channel Seven na nuna wasannin daren Alhamis da Juma'a da wasu na Lahadi. Sai dai tun 2025, ƙarƙashin yarjejeniyar dala biliyan 4.5 ta Ostireliya da za ta kai 2031, yawancin wasannin Asabar a Biktoriya sun koma Fox Footy da Kayo. Ɗalibi mai ƙirga kuɗin haya kada ya yi gaggawar biya, na kyauta sun ishe shi shekarar farko.

Kakar wasa daga Maris take zuwa Satumba, wato ta ratsa lokacin sanyinsu. Makon ƙarshe shi ne ba ka da mafita. Daren Litinin a ba da lambar Brownlow ta gwarzon shekara, ana karanto ƙuri'un alƙalan wasa ɗaya bayan ɗaya na tsawon sa'o'i, abin da har yau ban gane daɗinsa ba. Juma'a hutu ce a jihar Biktoriya tun 2015, don haka kada ka sa ran banki ko ofishin gwamnati. Asabar, galibi ta ƙarshen Satumba, mutum kusan dubu ɗari su cika MCG don wasan ƙarshe, tituna su yi tsit. In maƙwabci ya gayyace ka gashin nama a ranar, ka je da naka na halal daga titin Sydney Road ko unguwar Footscray a Melbon, ka roƙi a ware maka gefen wayar gashin. A 2024 aiki ya kama ni ranar, na kalla a falon gidan tsofaffi tare da dattijon nan nawa. Brisbane ta lallasa Sydney da maki 60, shi kuwa tun kafin a je hutun rabin lokaci ya yi barci da gyalen Footscray a wuyansa, sunan da ƙungiyarsa ta sauya zuwa Western Bulldogs tun ƙarshen 1996, shi bai taɓa yarda ya kira ta da shi ba.