Kurakuran da aka fi yi wajen sauya kan babur na doguwar tafiya

Yawancin masu sauya kan babur da ido suke zaɓa, alhali kafaɗa da wuyan hannu ne za su ɗauki nauyin tafiyar awa shida. Kafin ka sayi komai, hau babur ɗin a tsaye, ka rufe ido, ka miƙa hannuwa inda suka fi sakewa, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Wani ya auna maka abu uku daga tsohon kan: tsayi, faɗi, da yadda kan zai karkato wajenka. Idan tafin hannu ya wuce tsayin kafaɗa, yatsu za su soma mutuwa a hanya.

Sai kauri. Akwai na inci 7/8, wato milimita 22, akwai na inci 1, akwai masu kauri na inci 1 da kwata. Abin dubawa shi ne kaurin wurin ɗauri a tsakiya da na wurin riƙo, domin makunnai da hannun birki ba sa zama a kan kaurin da ba nasu ba. Baburan Harley-Davidson na doguwar tafiya, daga 2008, totur ɗinsu na lantarki ne, don haka bakin kan na dama sai yana da tsagar da na'urar totur ke shiga.

Kuskure mafi tsada shi ne mantawa da abin da ke rataye a jikin kan: wayar kuloci, tiyon birki, wayar totur da wayoyin makunnai. Ƙarin inci ɗaya ko biyu wani lokaci tsofaffin wayoyin da tiyon sukan ɗauka, fiye da haka sai an sauya. Kada ka yi kintace. Ɗaura sabon kan na wucin gadi, ka bi hanyar kowace waya da igiya, ka juya kan har ƙarshe hagu da dama, sannan ka auna igiyar. Gajeruwar waya tana jan totur a kwana, mai tsayi da yawa kuma tana gogar ƙarfe har ta tsinke. Idan wayoyin lantarki za su bi ta cikin bututun kan, goge bakin ramukan da fayil tukuna, don kaifinsu yana yanka roba. Ɗauki hoton kowane soket kafin ka zare wayoyinsa, domin launi biyu da suka musanya wuri na iya cinye maka yini guda.

A wajen birki kam ba a wasa. Duk lokacin da aka kwance tiyo, a sa sababbin washa na tagulla, wato zobban da ke hana yoyo, biyu a kowane baki, tsofaffin sun riga sun matse, yoyo za su yi. A duba murfin tukunyar man birki: man birki nau'in DOT 4 da nau'in DOT 5 ba sa haɗuwa, kuma DOT 4 yana cin fenti, don haka a lulluɓe tanki da bargo. A fitar da iska har hannun birki ya yi tauri. Babur mai ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an kama birki, in iska ta shiga na'urar, sau da yawa sai an kai inda ake da kwamfutar gwaji.

Cire wayar batir ta nagetif kafin ka taɓa komai. A baburan Harley da dama, ana cusa kwali mai kaurin milimita 4 tsakanin hannun birki da mazauninsa kafin a kwance shi, in ba haka ba makunnin fitilar birki ya karye. Baburan Japan kuma gidan makunninsu yana da ɗan tsinke da ke shiga rami a jikin kan. Huda ramin a sabon kan, kada ka fiƙe tsinken, don gidan zai riƙa juyawa da totur.

Notocin maɗaurin kan a ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awon ƙarfi, gwargwadon adadin da ke littafin babur. Dogon kai yana ƙara wa robobin gindinsa aiki, in sun saki a sauya su.

Kafin ka hau titi, tayar da injin, ka juya kan ƙarshe zuwa ƙarshe. Ƙarar injin kada ta sauya, totur ya koma da kansa da ka sake shi, kan kuma kada ya taɓa tanki ko gilashin gaba. Bayan tafiyar farko, sake bin notocin da sifana.