Yadda Ake Cin Moriyar Jadawalin Motsa Jiki a Cikin Gida

Matasa da yawa a Maradi sukan fara motsa jiki a tsakar gida da zafinsu, amma kafin wata ya cika sai su watsar, domin kullum abu ɗaya suke maimaitawa har jiki ya saba, ya daina sauyawa. Amfanin rubutaccen jadawali, ko a takarda yake ko a wayar salula, shi ne ya faɗa wa mutum abin da zai yi yau, da yawan da zai yi, da ranar da ya kamata ya ƙara.

Kafin ka ɗauki jadawali, ka duba ko ya haɗa aikin ƙafafu, da na turawa, da na jawowa, da na ciki da gadon baya, kuma ko ya ware ranakun hutu. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2. Duk wanda ya yi maka alkawarin narkar da tumbi cikin mako guda, ka rabu da shi, domin atisayen ciki shi kaɗai ba ya cire kitsen ciki.

Inda jadawali ya fi amfani shi ne wajen hawa mataki-mataki. Ɗauki misalin atisayen da ake dogarawa da tafukan hannu ana sauka ana tashi. Wanda bai saba ba ya fara da tura bango yana tsaye, daga nan ya koma dogarawa a kan dakali, sannan ya sauko kan tabarma gwiwoyinsa a ƙasa, kafin ya kai ga miƙe ƙafafu gaba ɗaya. Idan ya iya yi sau 12 a zagaye 3 ba tare da ƙugunsa ya lotsa ba, to lokacin wucewa gaba ya yi. Aikin jawowa ne aka fi mantawa da shi a gida, alhali kuwa galan ya wadatar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kana iya sunkuyawa da miƙaƙƙen baya ka riƙa jawo galan zuwa haƙarƙarinka, kana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan yayin da ƙarfi yake zuwa. Ka ajiye ƙaramin littafi kana rubuta abin da ka yi kowace rana, domin a ganina wanda ba ya rubutawa bai fara bin jadawali ba tukuna.

Sai dai takarda ba ta da ido. Ƴan kokowar da ke atisaye a filin da ke ɗauke da sunan Kantu, gwarzon Maradi da ya ɗauki takobin gasar kokowa ta ƙasa a 1975, suna da masu tsayawa a kansu suna gyara masu tsayuwa. Kai da ke gida, ka jingina waya ta ɗauki hotonka, ko ka sa ƙaninka ya duba ko bayanka a miƙe yake.

Yawancin jadawalan an tsara su ne a ƙasashe masu sanyi, don haka dole ne ka daidaita su da yanayinmu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ka yi atisaye bayan sallar asuba ko da la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa, a watan azumi kuwa bayan buɗa-baki. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku ba abin tsoro ba ne ga sabon farawa, amma ciwo mai suka a gaɓa, ko jiri, ko nauyin ƙirji, alama ce ta a dakata nan take. Mai hawan jini ko ciwon suga, da mace mai juna biyu, su fara nuna wa likita jadawalin kafin su soma.