Darasi na 7: Hasashen Farkon Damina a Kwarin Gash

A Kasala da ke gabashin Sudan, watan Mayu wata ne na tsananin zafi. Da rana ma'aunin zafi yakan wuce 40, duwatsun Taka da Totil su sha rana su ƙoshi, su yi ta huro zafin cikin gari har bayan sallar isha'i. Kogin Gash a bushe yake ƙayau, yara na buga ƙwallo a cikinsa, masu amalanken jaki na ratsa shi yadda suka ga dama. A daidai wannan lokaci ne masana yanayi suke fitar da hasashen daminar da ke tafe, wato daga Yuni zuwa Satumba. Cibiyar hasashen yanayi ta gabashin Afirka, wato ICPAC da ke Kenya, ita ke haɗa masanan ƙasashen wannan yanki su fitar da na yanki baki ɗaya, hukumar kula da yanayi ta Sudan kuma ta fitar da na ƙasa. A wannan darasi za mu koyi yadda ake sauraron hasashen, da ma'anar lambobinsa, da abin da mazaunin kwari zai yi da shi.

Wani zai ce, ai sanin gobe sai Allah. Haka ne, babu musu. Amma manomin da ya ga iska ta juya, ya ga tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu, ya ce ruwa ya kusa, bai yi da'awar sanin gaibu ba, alama ya karanta. Masana ma alama suke karantawa, sai dai tasu da na'ura ake auna ta.

Daga ina ruwan Gash yake fitowa?

Nan ne zuciyar darasin, don haka mu tsaya a kansa sosai. Mafi yawan ruwan da ke cika Gash a kan duwatsun Eritiriya yake sauka. Kogin ya taso daga kusa da Asmara, can ana kiransa Mareb, ya gangaro ta Tasanai, sannan ya shigo Sudan. Asmara tana kan tudu mai tsayin mita wajen 2,300 daga bakin teku, Kasala kuwa wajen mita 500. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kimanin maki 6 da rabi. Shi ya sa ranar da muke neman inuwa a nan, mutanen can suna iya yafa mayafi da yamma.

Da rani iskarmu daga arewa take zuwa, busasshiya. In Yuni ya kama sai ta fara juyowa daga kudu maso yamma, ɗauke da laima. Idan wannan iska ta iske dutse, ba ta da hanya sai ta hau. Tana hawa tana sanyi, laimar da ke cikinta ta dunƙule ta zama girgije, girgije ya zama hadari. Saboda haka tudu yake samun ruwa fiye da kwari, kuma sau da yawa yakan riga shi samu. Gangaren dutse ba ya riƙe ruwa. Ƙananan kwazazzabai su zuba cikin manya, manya su zuba cikin kogi, duka su nufo mu.

Abin da wannan yake nufi shi ne, Gash yana iya zuwa a cike alhali sararin Kasala tas yake, ko ɗigo bai sauka ba. Wanda ya taɓa tsayawa a gada ranar zuwan ruwan farko ya san yadda abin yake. Da fari za ka ji wani gurnani daga nesa, iska mai ɗan sanyi da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta biyo baya. Sai bakin ruwan ya bayyana, ja-ja mai kauri, yana turo kumfa da karmami da rassan itace a gabansa. Kafin ka gama nuna wa na kusa da kai, wurin da yara suka kafa duwatsun gola ya nutse.

Ruwan nan albarka ne. Shi ke cika rijiyoyin da lambunan ayaba da albasa da lemo suke sha duk shekara, shi ke malala a filayen arewa da gari wajen Aroma, ya bar laka a shuka dawa a kai. Amma lakar da yake kawowa tana taruwa a cikin kogin, gindinsa yana ƙara tudu, ruwa yana ƙara matsowa kusa da bakin jinga. A daminar 2003 ya fasa ya shiga gari, gidaje masu yawa suka rushe, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Manyan cikinmu ba su manta ba.

Mu karanta tare

Inna ta ce, "Ina za ka da jakin nan da sassafe haka?"

Ɗanta ya ce, "Albasa zan kai kasuwa, Inna. Zan ratsa ta cikin kogi, ta gada akwai zagaye."

"Jiya da dare ba ka ga walƙiya ta gabas ba, can bayan dutse?"

"Na gani. Amma ai nan ba a yi ruwa ba."

"Wanda aka yi can, ina kake tsammani za shi? Bi ta gada, ɗan nan. Albasa ba ta gudu."

"To, Inna, na ji."

Malami ya sa ɗalibai biyu su karanta, ɗaya Inna, ɗaya ɗanta, sannan su yi musanya.

Lambobin hasashe

Hasashe iri biyu ne. Akwai na kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, wanda zai ce gobe ana sa ran hadari a gabashin ƙasa. Akwai kuma na damina gaba ɗaya. Wannan na biyu shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta.

Masana sukan kasa damina uku: mai ruwa fiye da yadda aka saba, matsakaiciya, da mai ƙarancin ruwa. Abin da suke kira "yadda aka saba" kuwa daga lissafin shekara 30 suke samo shi. A matsayin misali, a ce rediyo ta ce fiye da yadda aka saba kashi 50, matsakaici kashi 30, ƙaranci kashi 20. Kashi 50 ɗin nan yana nuna ƙarfin tsammani ne, ba yawan ruwan da zai ƙaru ba. Ma'anarsa, in aka sami shekara 10 masu alamu irin na bana, 5 za su yi ruwa da yawa, 3 su yi matsakaici, 2 su yi ƙaranci. Bana tana iya faɗowa cikin biyun nan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hasashen damina kuma ba ya faɗin ranar da ruwa zai sauka, ba ya faɗin ko zai zo a hankali ko a dare ɗaya. Daminar da aka ce mai ƙaranci ce tana iya kawo ambaliya, in rabin ruwanta ya zuba cikin kwana biyu a kan dutse.

Tsofaffin manoma a nan suna da nasu lissafin na taurarin damina, kowane tauraro kimanin kwana 13, farawa da Zira'a wajen 9 ga Yuli, sai Nasara, sai Ɗarfa, sai Jabha. Lissafi ne mai kyau na sanin inda aka kwana a shekara, kuma bai kamata a yar da shi ba. Sai dai kwanakinsa ba sa canzawa, shekarar fari da ta ambaliya duk ranar ɗaya Zira'a ke shiga. A ganina, ga mazaunin bakin Gash, kiran waya ɗaya daga ɗan'uwa ko direban da ke wajen iyaka, ya ce an kwana ana ruwa a tudu, ya fi duk wani duban sararin gari amfani. In kuna sauraron rediyo, kada ku tsaya a sunan Kasala kawai, ku kasa kunne ga abin da aka ce game da tsaunukan Eritiriya da Habasha.

Lissafi

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita 1 daidai yake da lita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ɗauki ɗaki mai rufin kwano, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 4. 5 sau 4 ya ba da 20. In aka yi ruwa milimita 10, 20 sau 10 ya ba da lita 200, wato duro guda cike, ko jarka 10 masu cin lita 20. Fadan ɗaya na gona kuwa murabba'in mita 4,200 ne, ruwan nan na milimita 10 zai zuba masa lita 42,000. Yanzu ku kwatanta da gangaren duwatsun da mutum zai yini yana tafiya bai ƙure ba.

Abin yi kafin ruwa ya sauka

Kafin ruwa, ƙura ke fara zuwa. Hadari yakan turo iska mai ƙarfi a gabansa, ta kwashi ƙasa ta taso da ita ja wur, gari ya yi duhu. In kun hango ta, a rufe abinci da randa, a kashe wutar murhu, mai ciwon asma ya shiga ɗaki ya rufe hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Gyaran gida a Mayu da farkon Yuni ake yinsa. Maigida ya zaga bayan ɗaki ya duba gindin bango. In ya sa yatsa a tsaga ya shige, ko ya ƙwanƙwasa yaɓe ya ji holoƙo, a kankare a sake yaɓawa tun rana na busarwa. Ya hau ya zura sanda a cikin indararo, don ledoji da sheƙar tsuntsu sukan toshe shi, ruwa ya kwanta a rufi. Magudanar ƙofar gida aikin unguwa ne, a yi gayya. Takardun haihuwa da na gida da katin asibiti a sa su cikin leda biyu, a rataye sama. Kowa a gidan, har yara, ya san tudun da za a nufa in an yi shela cikin dare.

Kada a raina ruwa mai gudu. Santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 60 yana tafiya da mota. Tsawa kuma ana iya auna nisanta: in kun ga walƙiya ku ƙirga daƙiƙa har ku ji ƙara, kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In ƙirgen bai kai 30 ba, a bar gindin itace da fili a shiga ɗaki.

Duron da muka cika a lissafi yana da nasa haɗari. Sauron da ya kawo cutar kankasha, wato zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi, a Kasala a 2018 cikin ruwan da aka ajiye a gida yake ƙwai, kuma mako ɗaya zuwa kwana 10 ya ishe shi ya fito. A rufe duro da randa, a juye a goge cikinsu kowane mako. In zawo ya kama wani bayan ambaliya, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a riƙa ba shi yana sha, a kuma kai shi asibiti.

Aikin gida

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ku kula da haruffa masu lanƙwasa: ƙura, yaɓe, haɗari, hadari. Ku sa biyun ƙarshe cikin jimla ɗaya.

Ku auna tsawo da faɗin rufin ɗakinku da taku, babban taku ɗaya a matsayin mita 1, ku lissafa lita nawa zai tara in an yi ruwa milimita 15. Sannan ku saurari hasashen rediyo kwana uku a jere, ku rubuta sunan kowane wuri da aka ce za a yi ruwa, ku ja layi a ƙarƙashin waɗanda ke gabas da mu. Ku zo da littafin ranar darasi na gaba.